Gammo a Gaban Mota

Aikin da ya fitar da Mannir daga Illela ran nan ba wani babban aiki ba ne. Wani attajiri ne ya sayi gonaki a bayan Kalmalo, can inda ƙasar Najeriya ke ƙarewa ba tare da sallama ba, yana so a zagaye masa su a gaya masa faɗinsu. Mannir ɗan safiyo ne, awon ƙasa ne sana'arsa. Yana da 'yar na'urar GPS baƙa, ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke zana layin duk inda aka bi da ita. In gona ƙarama ce, da ƙafa ake zagayawa, na'ura a hannu. In babba ce, sai a shiga mota a bi gefenta a hankali.

A mota ne wahalar take. Na'urar ba ta aiki sai tana kallon sama ta gilashin gaba, kuma ba ta son jijjiga. Da zarar ta faɗi, layi ya yanke, sai a koma farko. Ban da haka, a wannan yanki babu katanga ko waya tsakanin ƙasa da ƙasa. Yashi ne da sabara iri ɗaya ta ko'ina. Wanda bai sa ido a kan na'ura ba sai ya tsinci kansa cikin Nijar da mota, ya shiga bayanin da ba ya ƙarewa.

Babu dabarar da Mannir bai gwada ba. Na'urar ta zo da mariƙi mai roba a gindi, mai kama gilashi kamar ƙahon wanzami. A Sakkwato, a inuwar kanti, ya kama. A zafin bazarar Illela kuwa, kafin azahar roba ta saki, na'ura ta faɗo kan giya. Ya tofa wa robar yawu ya sake mannawa, ta sake saki. Ya sayo wani mariƙin mai maƙalewa a ramin iskar mota, haƙoran ramin suka karye a gargadar farko. Ya ɗaure ta a wuyan madubi da robar cikin taya, ta riƙa lilo kamar kazar da aka rataye. Ya shafa gam a kan dashbod, rana ta narkar da shi, ya bar baƙin tabo mai kama ƙuda. Daga ƙarshe ya koma riƙewa da hannu, hannun a miƙe wajen gilashi har kafaɗa ta yi tsami.

Direbansa, Dabo, dattijo ne. Ya tuƙa manyan motoci shekara da shekaru, da ido ya fara gajiya da doguwar hanya sai ya dawo gida yana jan a-kori-kurar Mannir. A haife ya haifi kamar Mannir, amma Mannir bai taɓa ce masa Baba ko Malam ba. Dabo kawai, in ransa a ɓace yake kuma, "kai direba". Dabo bai riƙe abin a zuci ba. Shi ne ma ya raɗa wa na'urar suna 'Yar Gata, wai don ba ta zama inda talaka ke zama.

Ran nan, da na'urar ta kuɓuce daga hannun Mannir a wani kwazazzabo, layin da suka wuni suna ja ya yanke, Dabo ya ce, "Yallaɓai, 'Yar Gata gammo taka so. Abu mai taushi, mai rami tsakiya, ta zauna ciki kamar ƙwarya bisa kai. In mun koma gida in sa ɗiyata Humaira ta naɗa muna guda."

"In mun koma gida," in ji Mannir. "Aikin yau hwa? Kai komi naka sai gobe. Shi yas sa kat tsuhwa kana jan motar wani."

Dabo ya yi 'yar dariya, irin wadda mutum ke yi don kada ya yi wani abin daban.

La'asar ta yi sakaliya. Sun gangaro inda ruwan tafki ya janye ya bar laka busasshiya, duk ta tsattsage. Iska na ɗauke da warin kifin da ya mutu a tabo da na ganyen albasa da aka zubar. Babu kowa a fadamar, manoma sun tashi. Sai wani gawo shi kaɗai a bakin hanya, a ƙarƙashinsa kuma mace a tsaye.

Tsohuwar Bafulatana ce. Da a miƙe take da doguwa ce, amma wuyanta ya nutse cikin kafaɗu har haɓarta na neman taɓa ƙirji. A kanta akwai wata babbar ƙwarya da ta yi baƙi don tsufa, an rufe ta da faifai. Babu ruga a kusa, babu shanu, babu kasuwar da ke ci ranar. Tana cikin inuwa, amma ba ta zauna ba, ba ta ko jingina da itacen ba. Mannir ya lura ƙafafunta sun lotsa cikin busasshiyar lakar har idon sawu, lakar da tayar mota ba ta bar wa alama ba. Ya gani, bai tsaya tunani a kai ba.

Dabo ya taka birki ba tare da an ce masa ba. Ya fita.

"Sannu, Inna. In sauke ki ki huta?"

Har ya ɗaga hannuwa. Tsohuwar ta ja da baya da saurin da ba a zata ba.

"A'a, ɗana. Kul. Nawa na."

"To ko ruwa ki sha."

Ya ɗauko gorar ruwansa. Ba ta karɓa ba, don hannuwanta biyu na tallafe da ƙwaryar. Shi ya kai mata baki, ta sha a tsaye, ba ta karkatar da kai ba ko kaɗan. Ruwan na bin haɓarta yana ɗiga.

Mannir ya fito don ya yi wa Dabo faɗan ɓata lokaci, sai idonsa ya sauka a kan gammonta. Kakkaura ne, an naɗe shi da tsohon baƙin saƙi da wani jan ƙyalle siriri a tsakani. Nauyi ya danne shi har ya yi rami, maiƙon kai ya sa yana sheƙi. Ya dubi faɗin ramin, ya dubi na'urar da ke hannunsa. Kamar an auna.

"Ke tsohuwa, saida min gammon ga."

"Ba na saidawa ba na."

"Tsumma na hwa. Kuɗin da zan ba ki sun sai miki zane."

"Ɗana, tahi abinka."

Mannir mutum ne da ba ya son a ce masa a'a, balle a gaban direbansa. Ya jira har Dabo ya juya zai mayar da gora cikin mota. Sai ya zagaya bayan tsohuwar, ya cusa yatsu biyu a ƙarƙashin ƙwaryar, ya fizgo gammon.

Gammon bai yi gardama ba. Ya zo hannunsa da ɗumi, kamar an ɗauko ɗan tsako.

Mannir ya yi tsalle baya, don kada nono ya ɓata masa wando. Amma babu abin da ya zube. Bai ji faɗuwar komai ba. Ƙwaryar ba ta kan tsohuwar, ba ta kuma ƙasa. A tsakiyar kanta sai wani zoben sanƙo, fari fat, ya lotsa cikin ƙashi. Hannuwanta na nan a sama, suna tallafe da iska.

Ya ce wa kansa ƙwaryar ta gangara bayan gawon. Bai leƙa ba.

"Ja mota."

Dabo ya dubi tsohuwar, ya dubi abin da ke hannun maigidansa. "Yallaɓai, mi kay yi?"

"Ja mota nic ce."

Ya jefa mata takardar kuɗi ta taga, ba don tausayi ba, don kada a ce ƙwace ya yi. Dabo ya daɗe da hannu a kan makulli. Yana da iyali, kuma aikin tuƙi ba ya samuwa ga mai furfura. Ya tayar da mota.

Mannir ya ɗora gammon a kan dashbod, ya zaunar da na'urar a raminsa, fuskarta na kallonsa, kanta na kallon sama. Suka faɗa gargada, ba ta motsa ba. Suka hau kunyar gona suka sauka, ko gezau. Layi ya fara fita a fuskarta, siriri, ba yankewa.

"Ka gani?" in ji Mannir. "Shawararka ta yi. Ashe kanka na aiki wani lokaci."

Dabo ya ƙura wa hanya ido.

Wari ne ya fara zuwa. Tsamin nono da ya kwana biyu a rana, da hayaƙin kashin shanu. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani, irin na ɗakin da majinyaci ya daɗe a ciki ba a buɗe taga ba. Mannir ya sauke gilashi. Warin bai fita ba.

Sai dashbod ya yi ƙara. Ƙas.

Suka kasa kunne.

Ƙas, kuma. Wata siririyar tsaga ta fito daga ƙarƙashin gammon ta nufi wajen sitiyari.

Gaban motar ya fara sunkuyawa, kamar raƙumin da ake durƙusar da shi. Inji ya canza murya. Dabo ya sa ƙaramar giya, ya ƙara taka totur. Lambar da ke nuna gudu a fuskar na'urar ta riƙa sauka, tana sauka, har ta tsaya a kan tafiyar mai ƙafa.

Rana ta taɓa ƙasa. Fadamar ta yi ja.

A cikin rurin injin, Mannir ya ji wani sauti ƙarami. Ruwa ne ke kaɗawa a cikin mazubi. Ba daga bayan mota ba, ba daga gorar Dabo ba. Daga saman gammon yake fitowa, daga wurin da babu komai sai iska tsakanin na'ura da gilashi.

Sai kuma karta. A hankali. Kamar farce a jikin ƙwarya, ta ciki.

"Ka ji?" in ji Dabo, murya ƙasa-ƙasa.

"Tuƙi kaka yi ko saurare?"

Amma shi ma da raɗa ya faɗa.

Ya dubi madubin gefe. Tana nan tafe. Tsohuwar ce, a kan sawun tayarsu, hannuwa a sama, wuya a nutse. Bakinta na buɗewa yana rufewa, inji ya hana a ji abin da take cewa. Ɗazu ƙarama ce a madubin. Yanzu ana ganin farin zoben kanta.

"Taka mota, Dabo."

"Ƙahwata na ƙasa, Yallaɓai."

Na'urar ta fara nutsewa cikin gammon, kamar ana danna ta da tafin hannu. Fuskarta ta tsage, layin ya watse, ta yi baƙi. Tayoyin gaba suka shige ƙasa. Motar ta yi tari, ta mutu.

Shiru ya sauko. Daga nesa, ta wajen Kalmalo, ladan ya fara kiran magariba.

Kaɗawar ruwan ta tsaya. Kartar ta tsaya.

Wani abu ya ja numfashi a gabansu. Dogo. Irin na wanda ya farka.

"Mai da mata kayanta," in ji Dabo. "Don girman Allah, Yallaɓai."

Dabo ya buɗe ƙofa ya zame ƙasa, ya jawo shebur daga bayan mota, ya shige ƙarƙashin gaba yana haƙar tayoyi. Mannir na jin muryarsa tana karanta Ayatul Kursiyyu.

Mannir ya ture matacciyar na'urar, ya kama gammon da hannu ɗaya don ya wurga shi ta taga. Bai ɗagu ba. Ya sa hannu biyu, ya jawo shi da ƙyar, ya faɗo masa a cinya, sai da ya ji ƙashinsa ya amsa. Ya tura ƙofa da kafaɗa ya fito yana tangaɗi, gammon a hannu. Ya yi ƙoƙarin buɗe yatsu don ya sake shi.

Yatsun suka ƙi buɗewa.

Nauyin na jan hannuwansa ƙasa. Ya ji kafaɗunsa na neman fita daga gurbinsu. Tsohuwar na matsowa, yana jin takunta a kan busasshiyar laka. So yake ya kai mata abinta tun ba ta iso kusa da shi ba, amma taku ɗaya ya gagara.

Mannir ya yi karatu mai zurfi, rabonsa da ɗaukar kaya tun yana yaro. Amma a gidan da ake ɗebo ruwa daga rijiya aka haife shi, kuma jiki ba ya manta abin da ya koya kafin hankali. Duk ɗan ƙasar nan, in kaya ya fi ƙarfin hannu, ya san inda ake kai shi. Ya lanƙwasa gwiwa, ya kaɗa, ya ɗaga.

"Kada!"

Muryarta ta iso daidai lokacin da gammon ya zauna masa a ka.

Wuyansa ya yi ƙara. Haƙoransa suka haɗu. Ƙafafunsa suka lotsa cikin laka.

Yanzu yana jin ƙwaryar, duk da ido ba ya ganin ta. Yana jin faɗinta, da sanyin gindinta. Abin da ke ciki ya juya, ya sake juyawa, ya gyara kwanciya kamar kare a sabon wuri.

Sai wani abu siriri, mai sanyi, ya sauko ta gefe. Ya shafa masa kunne. Ya bi girarsa. Ya tsaya a leɓensa, kamar makaho na sanin fuskar baƙo.

Tsohuwar ta iso tana haki.

"Da ka bar shi inda yake, da na ɗauka," ta ce a hankali. "Na saba da shi. Shi ma ya saba da ni."

"Karɓi, Inna." Da ƙyar maganar ta fito. "Don Allah karɓi. Na tuba."

Ta miƙo hannuwa. Yana ganin yatsunta, busassu, sun kusa taɓa gammon.

Sai iskar magariba ta taso daga tafki, ta bi ta kan farin zoben nan na kanta.

Ta tsaya.

Ta juya wuya hagu, ya yi ƙara. Ta juya dama. Sannan a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya karye, ta ɗaga haɓa ta dubi sama. Tauraruwar Zara ta fito ita kaɗai a yamma. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta, baki a buɗe.

Hannuwanta suka sauko.

"Na zo in karɓa," ta ce. "Allah na gani, karɓa niz zo yi."

"Inna."

Ta matso har yana jin numfashinta, ta yi magana a kunnen da abin ya shafa.

"Ba shi sauka ƙasa. Sai dai shi sake kai. Duk wanda yas sa hannu shi sauke ka, ya zama nashi. Ni ban taɓa ba kowa ba, kai kaɗ ɗauka da hannunka." Ta ja baya kaɗan. "In ka ba wani, ka san wanga: ran da kan da ka ba ya kwanta kwanciyar da ba tashi, kaya ya san kan da ya baro."

Ta dube shi sama da ƙasa, kamar mai duban dabbar da za ta ba wani kiwo.

"Allah shi ba ka tsawon rai, ɗana. Da zuciya guda nika roƙo."

Ta juya ta nufi arewa. Tafiyarta ta koma ta budurwa. Kafin duhu ya gama rufewa ta ɓace cikin sabara.

Mannir bai iya juya wuya ba, sai da ya juyo da dukan jiki. Ga motar can. Ga ƙafafun Dabo sun leƙo daga ƙarƙashinta, diddigen duk faso, takalmi ɗaya ya cire. Shebur na shiga yashi yana fita. Muryar na nan tana karatu. Dabo bai ji komai ba.

A yi wa Mannir adalci: ya tsaya. Ya tuna tsohuwar ta ce ba ta taɓa ba kowa ba. Ya tuna yadda Dabo ya kai mata gora baki. Sannan ya tuna wuyanta, da zoben kanta, da matarsa Iklima, da shekarunsa da ba su kai arba'in ba.

Abin ya sake shafa masa leɓe.

Ya cire ƙafa daga laka. Ya sake cire ɗayar.

"Baba."

Shebur bai tsaya ba. Dabo bai san da shi ake ba.

"Baba Dabo."

Dattijon ya jawo jiki ya fito, yashi a gemunsa. Ya ga maigidansa a tanƙware, gammo a ka, jini na bin hancinsa.

"Sauke ni," in ji Mannir.

A ƙasar nan wannan ba roƙon da ake shawara a kansa ba ne. Ko wanda ba kwa ga maciji da shi ne ya faɗa maka shi a bakin rijiya, hannunka ke amsawa kafin bakinka. Hannuwan Dabo suka tashi. Suna tsakiyar hanya sai wani abu ya gifta a idonsa, wataƙila ya tuna yadda tsohuwar ta ja da baya ɗazu. Mannir ya ga giftawar. Ya sunkuyo, ya kai kansa ga hannuwan.

"Bismillahi," in ji Dabo.

Nauyi ya tashi. Mannir ya faɗi zaune, iska na shiga ƙirjinsa kamar ruwan sanyi.

Dabo na tsaye da gammo a hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun fito. Ya yi ƙoƙarin saki. Ya dubi Mannir. Sannan ya lanƙwasa gwiwa, ya kaɗa, ya ɗaga.

Ƙarar da wuyansa ya yi kamar an taka busasshen kara.

Motar ta miƙe daga yashi da kanta. Mannir ya rarrafa ya shige mazaunin direba, ya murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya juya kanta wajen hasken Illela ya taka. Sai da ya yi nisa gargaɗin tsohuwar ya dawo masa: ran da Dabo ya mutu, kayan kansa za su dawo. Akwai macizai a fadamar nan. Akwai tsofaffin rijiyoyin masu lambu da ba a rufe ba.

Ya taka birki. Ya dawo da baya.

Da Dabo ya ga fitilu sun dawo, fuskarsa ta saki, har ya yi ƙoƙarin murmushi. Mannir bai fito ba. Ta taga ya yi magana.

"Shiga gaba, Baba. Bi a hankali. Ni haska maka."

Haka suka shigo gari, tsoho na tafe yana jan ƙafa, mota na bin sa a baya da fitila. Waɗanda suka gani a bakin tasha suka ce ciwo ne ya kama direban a daji, ya kasa zaman mota, maigidansa kuma ya ƙi tafiya ya bar shi.

Mannir ya sayi sabuwar na'ura. Wani mai walda a Illela ya ƙera masa mariƙin ƙarfe, aka huda dashbod aka ɗaure shi da noti. Ba ta sake faɗuwa ba. Shi ke tuƙa kansa yanzu, kuma ba ya kai la'asar a bayan Kalmalo.

Dabo na zaurensa. Ya naɗa rawani ya rufe abin da ke kansa. Ba ya kwanciya, a zaune yake barci, baya a jikin bango. Sallarsa ta koma ishara, goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba. Likita ya ce ƙashin wuya ne ya goge, malamai suka ce iska ce, aka sha rubutu, aka yi turare. Ran da Humaira ta kai hannu za ta warware masa rawani ta wanke, ya mare ta har ta faɗi, shi da bai taɓa ɗaga wa ɗansa yatsa ba. Tun daga ranar babu mai zuwa kusa da kansa. Da magariba kuma yakan sa a fitar da jikoki daga zauren, a ja ƙofa.

Babu abin da ya rasa. Mannir ne ke kawo likita daga Sakkwato. Shi ke aiko da zuma da romon kan rago, shi ya sa aka ɗaura fanka a zauren, aka kafa gidan sauro. Da damina ta kama, Dabo ya daina cin abinci, ya rufe baki ya ƙi ko kunu. Mannir ya bar aikinsa ya zo da ma'aikacin jinya, aka riƙe hannun tsohon aka sa masa ƙarin ruwa har ya farfaɗo. Liman ya kawo misalinsa a wa'azi. Mutanen unguwa na cewa a wannan zamani samun maigida mai riƙon amana irin Mannir sai an tona.

Duk Juma'a bayan an sauko yakan zo gaisuwa. Tun daga bakin ƙofa yake zura hannuwansa biyu cikin aljihun kaftani, ba ya fitar da su sai ya fita. Ko musafaha ba ya yi a zauren. Ya san hannu na riga hankali.

Dabo ba ya iya ɗaga kai, sai dai ido. Yakan bari har masu gaisuwa su ja baya, sannan ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Yallaɓai."

"Na'am, Baba."

"Sauke ni."

Mannir yakan ƙara tura hannuwansa cikin aljihu, ya ɗaga murya don na bakin ƙofa su ji.

"Ka daure ka riƙa cin abinci, Baba. Allah shi ba ka tsawon rai."

Su kuwa su amsa da amin.